Zomon da Baba Bai Buɗe wa Ido Ba

Talata, 8 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je makaranta ba. Ba wanda ya ce in je, ba wanda ya ce in zauna.

An ga motar Baba a ƙarshen hanyar dutse, bakin rafi, inda yake barinta duk shekara war haka idan ya hau duba itacen sakura na katakon aiki. A kulle take. Abincin da Mama ta ƙunsa masa ranar Lahadi yana kan kujera, ko ƙullin ba a kwance ba. Shi ne dai ba a gani ba.

Ƙofar gidanmu cike da takalman mutane: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, da mafarautan tsoho Genzo. Aikina dafa shayi da jera takalma su kalli waje. Ba wanda ya lura da ni, kuma hakan ya fi mini.

Goggo Fumie, yayar Baba, ta iso daga Nagoya da rana. A ɗakina za ta riƙa kwana. Da ta buɗe akwatinta na hango baƙar rigar zaman makoki a can ƙasa. Ta ga na gani. Ta ɗora rigar sanyi a kai ta ce, "Kozue, kin yi tsawo."

Alhamis, 10 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na shiga ɗakin aiki neman almakashi, na manta abin da ya kai ni.

Zomon yana kan tebur. A lissafinmu na Japan kowace shekara da dabbarta. Shekara mai kamawa ta zomo ce, kuma duk shekara Baba na sassaƙa sabuwar dabba don katin gaisuwar sabuwar shekara da gidanmu ke aika wa mutane. Shi ke sassaƙa katako, Kaka ke buga hoton a takarda da tawada, Mama ke rubuta adireshi, ni kuma shanya. Zomon bana ƙato ne mai tumbi, kunne ɗaya a miƙe ɗaya a karye, yana zaune cikin ciyawa kamar wanda ya ƙoshi. An gama komai har gashin baki. Saura ido.

Baba ba ya yanka ido sai ranar da za a fara bugu. Ya wanke hannu, ya kore mu, ya yi abinsa shi kaɗai. Yakan ce in ka buɗe wa dabba ido da wuri, sai ta zuba maka shi har ka ruɗe ka ɓata sauran.

Ɓarɓashin katako na nan a ƙasa. Ba wanda ya share. Na bi gefe don kada in taka.

Asabar, 12 ga Nuwamba, da rana

Kaka ta sauke duk hotunan beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, daga bangon shagonmu. Shi ne aka fi saye, baƙin nan mai jinjirin wata a ƙirji, yana rungume da kifi yana murmushi. Ta kife su a aljihun tebur.

Wata baƙuwa ta shigo ta ce shi take so, bara ta gani.

"Ya ƙare," in ji Kaka.

"Ba za a sake bugawa ba?"

"Ga mujiya. Ga biri. Ga kyanwa har iri uku, ki zaɓa."

Matar ta ɗauki biri.

Tsoho Genzo ya ce sun ga sawu a cikin laka, sama da rafi. Bai faɗi na mene ne ba. "Mai dutsen" kawai ya ce, yadda mafarauta ke sakaya sunan beyar, yana kallon kofin shayinsa.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, da yamma

Jirgi mai saukar ungulu ya yi ta kewaye dutsen. Ya koma.

Laraba, 16 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Mama tana zuba wa Baba shinkafa a kwanonsa duk safiya, ta ajiye a gurbinsa a kan tebur, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi tafiya don kada ya ji yunwa a inda yake. Goggo ta kalli kwanon, ta kalli kusurwar ɗaki inda akwatin ibada yake, inda ake kai wa hoton marigayi Kakanmu nasa abincin. Tsakanin teburin da akwatin 'yar tazara ce, amma kowa ya san bambancin.

Idan ya huce ni nake cinyewa.

Ina karanta littafin da na aro tun kafin abin nan, na matuƙin jirgin ruwa da 'yar mai gadin fitilar bakin teku. Halina ne in leƙa shafin ƙarshe tukuna, in ga ko sun yi aure. In ba su yi ba in mayar wa mai shi. Wannan ban leƙa ba. Ina wurin da jirginsa ya tashi tana ɗaga masa mayafi. Na karanta shafin, na sake karantawa. Har yanzu tana ɗagawa.

Asabar, 19 ga Nuwamba, da rana

Ba komai yau.

Talata, 22 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Muna zaune a teburin ɗumi, ƙafafu cikin bargo, Goggo na ɓare lemo. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sanae, mutane sun kusa fara rubuta katunansu. Ya kamata namu ya riga isa."

Mama ta ce, "Wane namu, Yaya?"

"Kin san wanda nake nufi."

Ni ma na sani. Farin katin nan marar hoto da gidan da aka yi rashi ke aikawa, a ce bana muna makoki, ba za mu gaida kowa ba, kada kuma a gaishe mu.

"Wa ya mutu?" in ji Mama. A hankali ta faɗa, kamar tana tambayar ƙarfe nawa.

"Haba Sanae. Ƙanena ne fa. Kina tsammanin daɗi nake ji? So kike mutane su aiko mana da barka, da zomaye suna tsalle, su zo su ji kunya daga baya?"

"Su ji."

"To me za ki aika? Zomon? Wa zai ƙarasa shi, ke?"

Kaka ta ce, "Fumie, tun kina yarinya bakinki ke riga hannunki gama aiki. Miƙo lemon."

Goggo ta miƙa. Na ci ɓari biyu. Ban ji zaƙi ba, ban ji tsami ba.

Juma'a, 25 ga Nuwamba, da yamma

Na koma makaranta. Kowa ya zama mai kirki. An bar mini wurin zama kusa da hita. Wadda ba ta taɓa yi mini magana ba ta ba ni alewa. A cikin littafi, idan irin wannan ta sami yarinya sai ta yi kyau, ta rame, wani ya hango ta ta taga. Ni ƙuraje ne suka fito mini a haɓa.

Litinin, 28 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo na tarar Kaka tana jiƙa takarda. Tana shafa ruwa da faffaɗan buroshi, ganye bayan ganye, tana jerawa tsakanin damshin jaridu. Busasshiyar takarda ba ta shan tawada, don haka ake jiƙa ta ana gobe bugu. Ana gobe, ba kafin nan ba.

Na ce, "Kaka, gobe za a buga?"

"Duk shekara yau nake jiƙawa."

"Amma ido..."

"Ke uwar mafarki, tsayuwa za ki yi ko leda za ki kawo? Ajiye saurayin nan naki na cikin littafi, ba zai gudu ba."

Na kawo leda. Muka naɗe.

Talata, 29 ga Nuwamba, da yamma

Ba a buga ba. Kaka ta kwashe tukwane daga firij ta sa takardun, don kada su yi fumfuna. Yanzu idan na buɗe neman madara, su nake fara gani.

Juma'a, 2 ga Disamba, ƙarfe shida na safe

Dusar ƙanƙara ta sauko. Dutsen ya yi fari har ƙasa.

Juma'a, da rana

Babban ɗan sandan ya zo da kansa. Ya cire hula, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Ya ce an rufe hanyar dutse, za su ci gaba idan ƙanƙara ta narke. Ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba. Mama ma ta sunkuya ta ce an gode, an sha wahala. Na lura safarsa ta huje a babban yatsa.

Ba sauran takalman da zan jera.

Laraba, 7 ga Disamba, da yamma

Goggo ta je kanti ta dawo da fararen katunan nan a ambulan, ta sa a saman firij. Mama ta goge saman firij ɗin, ta kewaye ambulan da tsumma ba ta taɓa shi ba.

Su a sama, zomo a ciki. Wato takardun zomo. Ko zomon ma babu a kansu tukuna.

Asabar, 10 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Tsoho Genzo ya hau shi kaɗai, duk da an hana. Ya zo da wani abu a leda, da ɗan sanda a bayansa. Aka ce in hau sama. Na hau na zauna a matakala.

Na ji ƙarar abin da aka ajiye shi. 'Yar ƙararrawar nan ce da ake ratayawa a jaka don korar beyar idan za a shiga daji. Na san muryarta, ta ɗan dishe. Akwai wani abu kuma da ba ya ƙara.

Mama ta ce, "Rabin garin nan irin wannan rigar gare su."

Genzo ya ce, "Haka ne, uwargida."

"A kanti ɗaya kowa ke saye."

"Haka ne."

Goggo ta shiga banɗaki ta kunna famfo, ya yi ta zuba.

Na koma ɗaki na buɗe littafi. Tana ɗaga mayafi.

Lahadi, 11 ga Disamba

Mama ta zuba shinkafa. A kan tebur.

Laraba, 14 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Ina taya Kaka sake naɗe faifan da take murza takarda a kan katako da sabon ɓawon gora. Hannunta ya fara rawa, ni ke ja mata ƙullin. Ba tare da na tambaya ba ta ce:

"Kakanku zakara ya bari. Kafin a haife ki. Ya gama komai saura ido, ya fita shan taba a bayan gida, can ya faɗi, shi ke nan. Muka yi ta kewaye katakon. Rannan ubanki ya wanke hannu ya shiga ya rufe ƙofa. Lokacin ko sassaƙa bai gama iya ba, tsere da babur ne aikinsa. Ya fito da zakara mai ido kamar ya sha giya."

"Aka buga haka?"

"Guda ɗaya, muka kai wa tsohon gaban hotonsa ya gani. Tun ranar nan ubanki Noboru ya zauna a kujerar." Ta shafa wa faifan mai. "Ban ce ki yi komai ba fa. Labari nake ba ki."

Ta san nakan sassaƙa 'yan tsuntsaye a guntayen katako in ɓoye a bayan littattafaina. Ban san ta sani ba.

In na yanka idon, na ce ba zai dawo ya yanka ba ke nan. Na rubuta wannan na zauna ina kallonsa. Rubutu ne kawai.

Asabar, 17 ga Disamba, da safe

Takardun sun fara ɗigo-ɗigon fumfuna a gefe, duk da firij. Kaka ta zubar da na sama, ta shinshina sauran ta ce ba za su kai wani makon ba.

Lahadi, 18 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Da safe Kaka ta ɗaura gyalenta na aiki ta ce, "Kozue, dama tawada. Fumie, share igiyoyin shanya. Sanae, nemo adireshi."

Goggo ta ce, "Inna, makaho za ki aika wa mutane?"

"Abin da ɗana ya bari zan aika."

"Da wace gaisuwa?"

"Ba gaisuwa. Ba barka, ba makoki. Mai ido ya gani."

Mama ta tsaya riƙe da tsumma. Na zaci za ta ce a'a. Ta juya ta hau sama ta ɗauko adireshin.

Mun wuni muna bugu. Kaka ta shafa tawada, ta saita takarda a 'yar kusurwar da aka yanka a katako, ta murza, ta ɗaga. Shafa, saita, murza, ɗaga. Ƙarar faifan kamar tafiya a kan busasshen ganye. Ni nake karɓa in shanya. Zomo baƙi ƙirin, mai tumbi, fuskarsa a shafe inda ido ya kamata ya kasance. Kafin yamma sun cika ɗakin, layi-layi a saman kawunanmu, ba mai kallonmu ko ɗaya.

Goggo ta daɗe a gaban guda. Ta ce, "Kunnen nan da ya karye. Haka nasa gashin yake tashi ta gefe ɗaya in ya farka." Ta fyace hanci ta ce tawada ce ke sa ta mura.

Yatsuna sun yi baƙi. Na wanke bai fita ba.

Alhamis, 22 ga Disamba, da yamma

Ni na kai gidan waya. Matar da ke karɓa ta juya na sama ta duba, ta mayar da sauri ta ce, "An karɓa."

Ambulan Goggo ya ɓace daga saman firij. Tukwane sun koma ciki.

Talata, 27 ga Disamba

Ƙanƙara. Na kwashe ta ƙofar shago. Ta sake zuba.

Asabar, 31 ga Disamba, da yamma

An share ko'ina don sabuwar shekara, ban da ƙarƙashin teburin Baba. Goggo ta kai tsintsiya wurin ta fasa.

Lahadi, 1 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Duk shekara ranar nan Baba ne ke tsayawa a ƙofa jiran jan babur ɗin gidan waya. Katunanmu ba sa shiga akwati, sai a ba shi a hannu, ɗauri biyu masu kauri da roba. Ya zauna yana rabawa yana tsokana: wannan na Inna, wannan na Inna, wannan na Kozue daga wani yaro, a'a ashe daga likitan haƙori ne.

Yau Mama ce ta tsaya, ba ko rigar sanyi. Babur ya zo. Mutumin bai sauka ba. Ya miƙa mata 'yan katuna da ba su isa a sa musu roba ba, ya sunkuyar da kai, bai ce barka da sabuwar shekara ba.

Ta baza su a tebur. Na kamfanin takarda. Na wani shago a Tokyo. Na mutum biyu ko uku daga nesa da ba su ji ba. Daga garin nan babu. Ba Genzo, ba maƙwabta, ba abokan Baba na makaranta, ba 'yan uwan Mama. Ba mu aika musu farin kati ba, amma kowa ya riƙe nasa, yadda ake yi wa gidan makoki.

Mama ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta sake juyawa. Ta ce, "Ko sauran sai gobe."

Goggo ta tattara katunan ta ajiye gefe.

Miyar moci, curin kirɓaɓɓiyar shinkafa na sabuwar shekara, tana kan tebur, kwano biyar. Mama ta ɗauki na Baba da hannu biyu ta miƙe. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta daɗe. Tururin ya yi ta raguwa.

Kaka ta ce, "Sanae, zai huce. Ba ya son moci in ya yi tauri."

Mama ta ƙarasa kusurwar ta durƙusa, ta ajiye kusa da na Kakanmu.

Na ci nawa. Na shanye har romon.

Litinin, 2 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yau ake fara aikin shekara. Na wanke hannu. Ban gaya wa kowa ba, amma da na juyo zan rufe ƙofar ɗakin aiki na ga Kaka ta riga ta ja Goggo zuwa kicin.

Kujerar ta yi mini tsawo. Ƙotar wuƙar ta lotsa daidai babban yatsansa, nawa bai cika wurin ba. A katako zomon ƙofa yake fuskanta. Na daɗe ina riƙe da wuƙar ban ji komai ba, sai sanyi a ƙafa. Sai na sa. Katakon ya fi na guntayena tauri, hannuna ya zame, da'irar ba ta haɗu daidai ba. Na gyara, ta ƙara girma. Na bari haka.

Na share ɓarɓashin, nawa da nasa, don sun gauraya.

Kaka ta jiƙa takarda ɗaya tun jiya. Ban tambaye ta ba. Ta shafa, ta saita, ta murza, ta ɗaga. Ta riƙe shi nesa da fuska.

"Kai, wannan ai an tashe shi daga barci ne an aike shi," ta ce. "Gara na ubanki, shi ko giya ya sha."

Goggo ta yi wata irin dariya ta toshe baki. Mama ta karɓa ta gefe-gefe don bai bushe ba.

Komai na katako a juye yake fitowa, na san haka tun ina ƙarama. Amma sai da ta jingina shi a jikin akwatin ibada na lura: a takarda ya ba ƙofa baya, cikin ɗaki yake kallo. Da ƙaton idon nan. Duk inda na zauna yana kaina.

Litinin, da yamma

Na juya shafin. Ta sauke mayafin ta koma gida, don lokacin kunna fitila ya yi.